Tuffa da fumfuna: tambayoyi da amsoshi kan abin da ruɓewa ke yi wa sinadaran cikinta

Tuffa tana cikin 'ya'yan itatuwa mafiya tsada a kasuwanninmu, shi ya sa jefar da ko da guda ɗaya yake da ciwo. Mai saye yakan yanke inda ya ruɓe ya cinye saura. Mai sayarwa kuma yakan ware masu tabo ya karya musu farashi, su ƙare a hannun masu matse lemo. Kafin tabon nan ya bayyana a ido, fumfuna ta riga ta yi kwanaki tana sauya abin da ke cikin tsokar: tsaminta, zaƙinta, ƙarfinta, wani lokaci har ta bar guba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan.

Me ke cikin tuffa lafiyayya tun farko?

Kusan kashi 85 cikin 100 ruwa ne. Sukari ya kai kashi 10 zuwa 13, mafi yawansa furuktos, sai sukuros da gulukos da ɗan sobitol. Tsamin da kake ji a harshe yawanci na asid malik ne, kuma shi ke riƙe ma'aunin tsami, wato pH, tsakanin 3.3 da 4 (lambar tana raguwa ne idan tsami ya ƙaru). Akwai fektin, wanda ke manne ƙwayoyin tsokar da juna. Akwai kuma dangin sinadaran fenol, waɗanda suka fi taruwa a ɓawo da ƙarƙashinsa.

Wannan tsamin yana da muhimmanci. Yawancin bakteriya ba sa jure shi, fumfuna kuwa tana jin daɗinsa. Shi ya sa kusan duk ruɓewar tuffa aikin fumfuna ne.

Wace irin fumfuna ce ke kama ta, kuma ta ina take shiga?

Sun fi ɗaya, kowace da halinta. Babbar cikinsu a wurin ajiya ita ce Penicillium expansum, mai yin gari shuɗi-shuɗi ko kore-kore a kan tabo. Ba ta iya huda lafiyayyen ɓawo, sai ta sami rauni: sukar tsinken wata tuffar a cikin kwali, yagar farce, tsagar da faɗuwa ta jawo. Raunin da bai kai bakin allura ba ya ishe ta.

Botrytis cinerea tana yin gashi mai launin toka, ita ma ta rauni take shiga ko ta gindin tsinke. Monilinia fructigena, wadda ta yi yawa a gonakin Turai, tana yin ruɓa mai tauri da ƙuraje a jere kamar zobba, ta busar da tuffar a kan reshe har ta koma baƙar ƙwallo. Colletotrichum ta fi son zafi da laima, kuma ruɓarta ɗaci gare ta. Sai Neofabraea, mai haƙuri: tana shiga ta 'yan ƙofofin numfashi na jikin ɓawo tun tuffar tana gona, ta kwanta shiru, sai bayan watanni a ɗakin sanyi ta farka ta fitar da tabo mai zagaye da haske a tsakiya.

Me ya sa wurin da ya ruɓe yake yin laushi, har ya zama ruwa-ruwa?

Ka ɗauki ƙwayoyin tsokar a matsayin tubali, fektin kuma laka ce da ke tsakaninsu. Fumfuna tana fitar da enzayim, wato sinadaran da halittu ke amfani da su wajen sarrafa wasu sinadarai, masu daddatsa dogayen sarƙoƙin fektin su zama guntaye masu narkewa a ruwa. Da zarar abin da ke riƙe su ya narke, ƙwayoyin sai su rabu, su fashe, ruwan cikinsu da sukarinsa ya malalo. Abincin da fumfunar ke nema ke nan.

Za ka iya gane mai laifin da cokali. Idan Penicillium ce, ruɓar tana da laushi ƙwarai da launin ƙasa mai haske, kuma iyakarta da lafiyayyar tsoka a fili take. Ka sa cokali ka kwashe, sai ta fito gaba ɗaya ta bar rami mai santsi. Idan Botrytis ce, wurin yana da ɗan taushin soso, kuma ba ya rabuwa da lafiyayyen ɓangare cikin sauƙi. Idan ka raba tuffar da Colletotrichum ta kama, za ka ga ruɓar ta yi faɗi a ɓawo tana tsukewa zuwa tsakiya.

Kalsiyam yana ɗaure sarƙoƙin fektin da juna, ya sa enzayim su sha wuya kafin su raba su. Saboda haka ne manoman tuffa ke fesa wa itatuwansu ruwan kalsiyam sau da dama a cikin shekara, kuma tuffar da ta ƙoshi da shi ta fi daɗewa ba ta ruɓe ba.

Gaskiya ne fumfuna tana canza tsamin tuffa?

Gaskiya ne, kuma a ganina nan ne abin ya fi ban mamaki. Kowane enzayim yana da matakin tsamin da ya fi aiki a cikinsa. Fumfuna ba ta zama jiran sa'a, ita ke gyara tsamin wurin ya dace da kayan aikinta. Masanin cututtukan 'ya'yan itace Dov Prusky da abokan aikinsa a Cibiyar Volcani ta binciken noma a Isra'ila sun yi shekaru suna bayyana yadda wannan ke gudana.

Penicillium expansum ƙara tsami take yi. Tana da wani enzayim mai juya gulukos ya zama asid gulukonik, tana kuma fitar da ɗan asid sitirik. Tsokar da pH ɗinta yake wajen 4 sai ta sauko zuwa wajen 3.6 ko 3.8. Kada ka raina wannan 'yar saukar: a wannan ma'auni, maki ɗaya cak yana nufin tsami ya ninka sau goma, don haka ko rabin maki ba wasa ba ne. Fa'ida biyu take samu. Enzayim ɗinta mai narka fektin ya fi ƙarfi a wannan tsamin, sannan asid ɗin kansa yana fizge kalsiyam daga jikin fektin, ya bar shi a sake. Aikin juya gulukos ɗin nan yana kuma haifar da haidurojin faroksaid, wanda ke taimakawa wajen kashe ƙwayoyin tsokar da ke gaba.

Colletotrichum kuwa akasin haka take yi. Tana farfasa sinadaran furotin ta saki amoniya, tsamin wurin ya ragu ƙwarai, domin nata enzayim ɗin ba ya aiki sosai sai tsami ya yi ƙasa. Wato a kan faranti ɗaya za ka iya samun tuffa biyu masu tabo iri ɗaya a ido, ɗaya tsaminta ya ƙaru, ɗaya ya ragu.

Akwai wani furotin a jikin fumfunar da masana ke kira PacC, wanda ke jin tsamin da ke kewaye da ita, ya kunna wasu ƙwayoyin gado ya kashe wasu. A gwaje-gwajen da aka cire wa Penicillium expansum shi, ƙarfinta na ruɓar da tuffa ya ragu, haka ma gubar da take yi.

Daga ina launin ƙasa-ƙasan yake fitowa?

A lafiyayyar ƙwayar tsoka, sinadaran fenol suna ɗaki guda, enzayim ɗin da ke ƙona su da iskar oksijin yana wani ɗakin. Idan ƙwayar ta fashe sai su haɗu, fenol su rikiɗe su zama kwinon, su kuma su harhaɗu su ba da launin ƙasa. Abin da ke faruwa ke nan idan ka yanka tuffa ka ajiye. Bambancin shi ne wuƙa sau ɗaya take yanka, fumfuna kuwa kullum tana fasa sababbin ƙwayoyi. Tsami mai yawa yana rage wa enzayim ɗin ƙarfi.

Warin fa?

Ƙamshin tuffa na sinadaran esta ne da take yi idan ta nuna. Fumfuna tana rikita su, ta ƙara nata. Penicillium expansum tana yin jiyosmin, ainihin sinadarin da ke tashi daga ƙasa idan ruwan farko ya sauka, kuma hancin ɗan Adam yana jin sa ko da ɗan mitsitsi ne. Shi ya sa tuffa mai ƙaramin tabo kan ba da ɗanɗanon ƙasa har a ɓangaren da bai ruɓe ba. Ruɓar Botrytis tana da wari mai zaƙi-zaƙi irin na abin da ya fara tsima. Idan wurin ya buɗe, yis da bakteriyar tsami sukan biyo baya su yi barasa da asid asetik, a nan ne warin yake zama mai kaifi.

Zaƙi da sinadaran gina jiki suna raguwa?

A inda ya ruɓe, e. Fumfuna tana farfasa sukuros, ta cinye sukarin da ya fito, bitamin C kuma yana ƙonewa da wuri. Tuffar da aka kai wa hari tana ƙara saurin numfashi, tana ƙona sukarinta da asid malik ɗinta, shi ya sa sauran tsokar kan yi lami.

Ita tuffar ba ta kare kanta ne?

Tana yi. Kakin da ke jikin ɓawo shi ne katanga ta farko. Idan an ji mata rauni, ƙwayoyin da ke bakin wurin suna ƙara yin fenol da liginin don toshe shi, kuma raunin da ya sami kwana biyu ko uku ya fara warkewa ya fi sabo fil wuyar kamuwa. Ɗanyar tuffa ta fi nunanniya juriya nesa ba kusa ba, don ta fi tsami, ta fi fenol, fektin ɗinta kuma a ɗaure yake. A farkon shekarun 1970 masu bincike a Arewacin Ayilan sun gano cewa ɗanyar tuffa nau'in Bramley tana tara asid benzoyik idan wata fumfuna ta shige ta, ta tsayar da ita. Da tuffar ta nuna, tsaminta ya ragu, sai asid ɗin ya rasa kaifinsa, ruɓa ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Mene ne fatulin, kuma ya kamata mu ji tsoronsa?

Fatulin guba ce da Penicillium expansum da wasu 'yan uwanta ke yi a cikin ruɓaɓɓiyar tsoka. Ba a gane ta da ido ko da harshe. Tarihinta yana da ban sha'awa: a 1943 Harold Raistrick da abokan aikinsa a Landan suka sa mata suna, lokacin ana zumuɗin samun magunguna irin fenisilin. An yi zaton za ta warkar da mura. Hukumar binciken likitanci ta Birtaniya ta gwada ta a kan ma'aikata a wurare da dama, aka wallafa sakamakon a 1944, ya nuna ba ta maganin murar. Daga baya aka gane illarta ga dabbobi da mutane.

Yadda take ɓarna shi ne, tana maƙale wa sassan furotin masu ɗauke da sinadarin sulfa, ta hana enzayim na jiki aiki, ta kuma cinye gulutatayon, wanda ke kare ƙwayoyin jiki. A jikin mutum an san ta da tashin zuciya da amai da ɓacin ciki. A gwajin dabbobi ta nuna illa ga hanji da ƙoda da hanta da garkuwar jiki. Game da ciwon daji, hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa ta a rukuni na 3, wato waɗanda babu isasshiyar hujja a kansu. A wannan fuskar ba ta kai afalatoksin na ruɓaɓɓiyar gyaɗa da masara haɗari ba, wanda an tabbatar yana jawo kansar hanta. Amma wannan ba dalili ba ne na sakaci da ita.

A 1995 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ya sa iyakar abin da jiki zai iya ɗauka a rana a kan maikurogiram 0.4 (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) ga kowane kilo na nauyin mutum. Ma'aunin abinci na duniya da Amurka da Tarayyar Turai duk sun tsayar da maikurogiram 50 a kowane kilo na ruwan tuffa. Turai ta ƙara da 25 ga markaɗaɗɗiyar tuffa, da 10 ga abincin jarirai.

Yi lissafin da kanka. Mutum mai kilo 60 iyakarsa maikurogiram 24 a rana, wato kusan rabin lita na ruwan da ya kai ƙarshen abin da doka ta yarda. Yaro mai kilo 10 iyakarsa 4 kacal, abin da ke cikin mililita 80, bai kai rabin kofi ba. A cikin ruɓaɓɓiyar tsoka kuwa fatulin yakan kai dubban maikurogiram a kilo. Wannan ne ya sa hankalina ya fi tashi a kan yara da lemon da ake matsewa daga tuffar da aka sayar a araha.

To ba daga Penicillium ake samun fenisilin ba?

Daga wani jinsin daban. Dangin suna da ɗaruruwan jinsuna. Wadda Alexander Fleming, mutumin da ya gano fenisilin, ya gani a 1928 daban take, wadda ake cukun Roquefort na Faransa da ita daban, koriyar da ke kama lemon zaƙi ita ma daban. Babu wani magani a jikin ruɓaɓɓiyar tuffa.

Zan iya yanke inda ya ruɓe in ci saura?

Amsar da hukumomin abinci da dama ke bayarwa ita ce a jefar, kuma ita ce mafi aminci. Amma abin da bincike ya nuna shi ne mafi yawan fatulin yana cikin ruɓar da santimita ɗaya zuwa biyu a kewayenta, kuma yanke wurin yana kawar da fiye da kashi 90 cikin 100. Saboda haka babban mutum mai lafiya, idan tabon ƙarami ne guda ɗaya, tuffar tana da tauri, yana iya yankewa da faɗin santimita biyu zuwa kowane gefe har da zurfi, ya wanke wuƙar kafin ya taɓa saura. Idan ruɓar ta kai tsakiya, ko tabon ya fi ɗaya, ko akwai ɗanɗanon ƙasa ko ɗaci, a yar da ita. Jariri da ƙaramin yaro da mai juna biyu da marar lafiya kada a ba su ko kaɗan.

Wannan sassaucin na tuffa ne saboda tsokarta a cushe take. A tumatir da sauran masu ruwa-ruwa, gubar tana bazuwa ko'ina.

Idan aka tafasa ko aka matse fa?

Fatulin yana jure zafi muddin yana cikin tsami, ruwan tuffa kuwa tsami gare shi. Ɗumamawar da kamfanoni ke yi wa lemon kwali tana kashe fumfunar, amma gubar kaɗan take ragewa. Matsewa ta fi muni, don tana raba gubar tuffa ɗaya a cikin dukan tulun, kuma sukari da ƙanƙara suna rufe ɗanɗanon da zai tona asiri. Kamfanonin da suka san aikinsu a wurin tsince ruɓaɓɓu da wanki da ruwa mai ƙarfi suke cin wannan yaƙin, tun kafin injin matsa.

Abin da ke lalata fatulin sosai shi ne tsimawar yis, shi ya sa da wuya a same shi da yawa a ruwan khal na tuffa da aka tsima yadda ya kamata. Bitamin C ma yana rage shi a hankali, amma ba abin dogaro ba ne a gida.

Na sayi tuffa jawur mai kyau, da na raba sai na ga baƙi-baƙi a wurin 'ya'yan. Mene ne wannan?

Yawanci wata fumfuna ce mai suna Alternaria. Tana shiga tun lokacin fure, ta wata 'yar hanya da ke gindin tuffar, wadda a wasu nau'o'i kamar Red Delicious ba ta rufewa sosai. Wani lokaci tana tsayawa a ɗakin 'ya'yan, wani lokaci ta ci tsokar da ke kewaye. Ita ma tana da nata gubobin, irin su altanariyol. Mai sayarwa ba shi da laifi a nan, babu yadda zai gani. Ka riƙa raba jar tuffa biyu kafin ka miƙa wa yaro, idan baƙin ya taɓa tsoka ka jefar.

Duk tabo fumfuna ce?

A'a. Ƙananan ɗigo-ɗigo busassu da suka lotsa, galibi wajen gindi, ƙarancin kalsiyam ne. Tsoka mai sheƙi kamar gilashi a tsakiya taruwar ruwan sobitol ce, kuma zaƙi gare ta. Kurjewar faɗuwa tana yin launin ƙasa amma ba ta faɗaɗa, ba ta wari. Tabon fumfuna shi ne wanda ka gan shi yau, gobe ya ƙaru.

Me ya sa tuffa ke saurin lalacewa a wurinmu?

Ban da 'yar kaɗan da ake nomawa a wurare masu sanyi kamar tsaunukan Jos, tuffar da muke ci daga waje take, mafi yawa daga Afirka ta Kudu, yankunan Ceres da Elgin, wata kuma daga Faransa. A can ana ajiye ta a sanyin digiri 0 zuwa 4, sau da yawa a ɗakunan da aka rage oksijin zuwa kashi 1 ko 2 cikin 100, dabarar da ta samo asali daga aikin Franklin Kidd da Cyril West a Kambirij a shekarun 1920. Tuffar da ke hannunka tana iya yin watanni da tsinkewa. Duk tsawon lokacin nan asid malik ɗinta yana raguwa, fektin yana sassautawa.

Sanyi ba ya kashe Penicillium expansum. Tana girma a hankali har a digiri 0, tana ma iya yin fatulin a can. Inda ta fi samun sakewa shi ne wajen digiri 25. Idan kwantena ta sauka a Legas aka ɗauko hanya zuwa kasuwanni irin 'Yan Lemo ta Kano, aka fito da kwali daga sanyi, tuffar takan yi gumi, wannan laimar ita ce ke tayar da garin fumfunar da ke kwance a bakin rauni. Ɗan tabon da ya yi wata uku bai motsa ba yana iya cin rabin tuffa cikin 'yan kwanaki. Ɗaukewar wuta da dawowarta suna maimaita wannan gumin a cikin firji.

Ruɓaɓɓiya guda za ta iya ɓata kwali?

Ta hanya uku. Tabo ɗaya na Penicillium yana sakin miliyoyin ƙwayoyin iri a iska. Botrytis ba ta ma jiran iska, zarenta yana tsallakawa daga tuffa zuwa wadda take jingine da ita, ka tarar da gungu sun ruɓe tare. Sannan tuffa mai rauni tana ƙara fitar da iskar etilin, wadda ke hanzarta nunar maƙwabtanta, ta rage musu juriya.

Me mai sayarwa da mai gida za su iya yi?

Mafi girman abu shi ne hana rauni. Kada a juye kwali a cikin baro, a ɗauko ɗaya-ɗaya. A bar tuffa a kan takardar da ke raba ta hawa-hawa muddin zai yiwu, don an sa ta ne saboda tsinken wata kada ya soki wata. Mai taya kaya ya daina latsawa da farce. A duba kaya kowace safiya, a cire masu tabo a hankali ba tare da karkaɗe garin ba, kuma kada su kwana kusa da lafiyayyu.

Yayyafa ruwa don ta yi sheƙi yana jawo asara, musamman idan ruwan bokiti ɗaya ne ake ta tsoma tsumma a ciki, don shi ke ɗaukar irin fumfuna daga wannan zuwa waccan. A goge da busasshen ƙyalle mai tsabta, a sa ta a inuwa. A fito da abin da za a iya sayarwa a ranar kawai, saura ya zauna a sanyi ba tare da shiga da fita ba.

A gida, a wanke lokacin da za a ci, ba lokacin da za a ajiye ba. A sa ta a firji cikin leda mai huji, nesa da ganye da ayaba. Mai matse lemo kuma, idan araha ta sa ya sayi masu tabo, to ya zauna da wuƙa ya yanke kowace da faɗin santimita biyu, ya zubar da duk wadda ruɓarta ta kai tsakiya, ya raba kowace biyu ya duba cikinta kafin ta shiga injin markaɗe.